Ayyukan da Wayar Salula ke Gudanarwa Yayin da Take Barci: Bayani ga Al'ummar Ƙasar Haɗeja da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin wayar tafi-da-gidanka suka fara aiki a Nijeriya, wayar salula ta riƙa kutsawa cikin harkokin jama'a sannu a hankali, har ta kai yau da wuya a shiga ƙauye a ƙasar Haɗeja ba a iske ta a hannun manomi ko masunci ko makiyayi ba. Da farko amfaninta bai wuce kira da aika saƙon tes ba. A yanzu kuwa, da babbar waya ta komai-da-ruwanka ta yawaita, an ɗora mata nauyin da a da mutum ne ke ɗaukarsa: ita ke tashin magidanci sahur, ita ke tuna wa majiyyaci lokacin shan magani, ita ke kai rahoton asibitin ƙauye zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ita ce kuma ake sa ran za ta kawo gargaɗin ambaliya cikin dare.

Waɗannan ayyuka duka suna da siffa guda, wato ana bukatar su gudana ne a lokacin da mai wayar ba ya kallonta, tana cikin aljihu ko a ƙarƙashin matashi, fuskarta a duhu. A nan ne kuma ake yawan samun cikas. Wani ya ce ƙararrawar da ya saita ba ta buga ba, wani ya ce saƙo bai shigo ba sai da ya taɓa wayar da safe, ma'aikaci kuma ya rantse ya cike rahoto amma a ofis a ce ba a gani ba. Akasari akan ɗora laifin a kan rashin sabis ko tsufan waya, alhali sau da yawa wayar ce da kanta ta jinkirta aikin, bisa wasu ƙa'idoji da aka gina ta a kansu domin tattalin batir.

Manufar wannan bayani ita ce fayyace waɗannan ƙa'idoji. Abin da muke son mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, manhajar da ke cikin waya ba ta da ikon tashin wayar duk lokacin da ta ga dama. Roƙo take gabatarwa, babbar manhajar da ke tafiyar da wayar ce ke yanke hukuncin lokacin da za a biya mata bukata. Za mu fi mayar da hankali a kan wayoyin Android, domin su ne suka fi yawa a hannun jama'armu.

Abin da ake nufi da barcin waya

Waya tana da hali uku da ya kamata a bambance. Akwai wayar da ke farke, ana amfani da ita, fuskarta tana haske. Akwai wayar da aka kashe ɗungurungum, ko batirinta ya ƙare. Wannan babu wata manhaja da ke aiki a cikinta, saƙo ba ya shiga, rahoto ba ya fita. Tsakanin waɗannan biyu akwai wayar da ke kunne amma fuskarta ta yi duhu. Wannan ita ake cewa tana barci.

Idan fuskar waya ta ɗauke, ƙwaƙwalwarta takan rage aiki matuƙa, sai dai ɓangaren da ke sauraron hasumiyar sadarwa yakan kasance a faɗake domin karɓar kira da saƙon tes. Duk sa'ad da wata manhaja ta tashi ƙwaƙwalwar domin ta leƙa intanet, ana kashe wani kaso na batir, kuma ba a leƙawar kaɗai ba, har da kunna na'urar sadarwa da sake kwantar da ita. A inda sabis ke da rauni, kamar yadda yake a ƙauyuka da dama na fadama, wayar takan ƙara ƙarfi wajen neman hasumiya, cin batirin ya ƙaru. Idan waya tana ɗauke da manhajoji talatin, kowacce tana tashinta lokacin da ta so, to ba za ta kai wayewar gari da caji ba. Wannan shi ne dalilin kafa ƙa'idojin.

Yadda ƙa'idojin suka samo asali

A shekarun farko na wayoyin Android, kusan kowace manhaja tana iya tashin waya yadda ta so. Kamfanin Google, wanda ke kula da Android, ya riƙa tsaurara lamarin mataki-mataki.

A shekarar 2015, cikin Android 6, aka shigo da tsarin da ake kira Doze, ma'ana gyangyaɗi. Idan waya ba ta jone da caji, fuskarta a kashe, kuma an ajiye ta wuri guda ba motsi na wani lokaci, sai ta shiga wannan hali. A cikinsa ana datse wa manhajoji hanyar intanet, ana jinkirta ayyukan da suka tsara, har da ƙararrawar da ba ta musamman ba. Daga lokaci zuwa lokaci wayar takan farka na ɗan taƙaitaccen lokaci, ta bar dukan manhajoji su yi ayyukan da suka taru, sannan ta koma barci. Gwargwadon daɗewar wayar a ajiye, gwargwadon yadda tazarar da ke tsakanin farkawa ɗaya da wata ke ƙara tsawo, har ta kai sa'o'i. Wanda ya san yadda ake rabon ruwa a babban filin noman rani irin na Auyo zai fahimci tsarin nan da nan: ba kowa ne ke buɗe ƙofar magudanar ruwa sa'ad da ya so ba, ana buɗewa ne bisa tsari, masu bukata su sha a lokacin, a sake rufewa. Wayar takan fita daga wannan hali da zarar an ɗauke ta, ko an kunna fuskarta, ko an jona ta da caji. Shi ya sa mutum kan ga saƙonni sun kwararo a tare da zarar ya taɓa wayarsa da asuba.

A shekarar 2016, cikin Android 7, aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da wayar da ke cikin aljihu ana tafiya da ita, ko da yake takunkumin bai kai na wadda aka ajiye tsanani ba. A 2017, Android 8 ya taƙaita ikon manhajoji na ci gaba da aiki a ɓoye bayan an fita daga cikinsu. A 2018, Android 9 ya fara karkasa manhajoji zuwa aji-aji bisa yawan amfani da su. A 2021, Android 12 ya wajabta wa manhaja neman izini na musamman kafin ta saita ƙararrawa mai bugawa a daidai minti. A 2022, Android 13 ya hana sabuwar manhaja nuna sanarwa sai mai waya ya amince. A 2023 kuma, Android 14 ya mayar da izinin ƙararrawar nan a rufe tun farko ga yawancin sababbin manhajoji, in ban da na agogo da na kalanda.

Wayoyin iPhone na kamfanin Apple su ma haka lamarin yake, har ma sun fi tsauri. Tun shekarar 2013 aka ba manhajoji damar sabunta bayanansu a ɓoye, amma wayar ce ke zaɓar lokacin, kuma damar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi.

Hanyoyi huɗu da aiki ke gudana

Domin gane abin da za a iya dogara da shi da wanda ba za a iya ba, ya kamata a san cewa aikin da ke gudana yayin barcin waya yana bin ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce ta aikin da zai iya jira. Misalinsa aika rahoton da aka cike, ɗora hotuna, ko sauko da hasashen yanayi. A nan mai ƙera manhaja yakan rubuta sharuɗɗa ne: a yi aikin idan akwai intanet, ko idan ana caji, ko idan batir bai yi ƙasa ba. Kayan aikin da Google ya tanada domin wannan shi ake kira WorkManager, wanda ya kammala fitowa a 2019. Alherinsa shi ne ba ya manta aiki, ko da an kashe waya an sake kunnawa. Amma ba ya alkawarin lokaci. Mafi ƙarancin tazarar da yake karɓa ga aiki mai maimaituwa ita ce minti 15, kuma a bisa al'ada kowane aiki ba ya wuce minti 10 yana gudana. Saboda haka, idan aka ce manhaja tana duba labari duk bayan minti 15, ma'anar ita ce ba za ta duba kafin haka ba. Idan wayar ta yi nisa cikin barci, tana iya kai sa'o'i ba ta duba ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙararrawa mai ƙayyadadden lokaci, kamar ta tashin barci, ta kiran salla, ko ta shan magani. Ƙararrawar agogon da ya zo tare da waya tana da gata na musamman, domin wayar takan farka daf da lokacin bugawarta komai nisan barcinta. Manhajar da aka sauko da ita daga baya kuwa, sai ta sami izinin da muka ambata, sannan ta iya bugawa a daidai minti. Akwai kuma wani nau'in ƙararrawa da ake bari ya ratsa barcin waya, amma ba a yarda manhaja guda ta yi amfani da shi fiye da sau ɗaya cikin minti 9 ba. Har ila yau, kashe waya yana goge ƙararrawar da manhajoji suka saita, sai manhajar da aka ƙera da kyau ce ke sake saita su da kanta bayan an kunna.

Hanya ta uku ita ce ta saƙon da ake turowa daga nesa. A nan wayar ba ta zuwa neman labari, labarin ne ke zuwa ya ƙwanƙwasa mata ƙofa. Idan mai aikawa ya sanya wa saƙon alamar gaggawa, yakan tashi wayar nan take; idan bai sanya ba, saƙon yakan jira farkawa ta gaba. Wannan hanya tana bukatar data a kunne. Idan babu data ko babu sabis, ana iya ajiye saƙon har tsawon mako huɗu, a kawo shi daga baya. Don haka wajibi ne a duba rana da lokacin da aka rubuta kowane gargaɗi kafin a yi aiki da shi ko a yaɗa shi.

Hanya ta huɗu ita ce ta aikin da ke gudana a fili ba yankewa, kamar bin sawun tafiya ta tauraron ɗan'adam. Sharaɗinsa shi ne manhajar ta nuna alama a saman fuskar waya muddin tana aiki, domin mai waya ya san abin da ke cin batirinsa. Wannan hanya ta fi tabbas, amma ta fi cin caji.

Kiran waya da saƙon tes ba sa cikin wannan takunkumi duka. Muddin waya tana kunne kuma akwai sabis, suna shigowa ko tana barci, ba tare da data ba. Haka ma ƙaramar waya mai madannai, wadda caji guda ke kai ta kwanaki.

Manhajar da aka daɗe ba a buɗe ba

Wannan sashe ya fi kowanne muhimmanci ga mazauna bakin kogi. Android yana lura da yadda mai waya ke hulɗa da kowace manhaja. Wadda ake buɗewa kullum tana samun dama mai yawa, wadda ake buɗewa jefi-jefi damarta tana raguwa. A aji na ƙarshe, manhaja ba ta samun damar aiki a ɓoye sai kamar sau ɗaya a yini. A Android 12, rashin taɓa manhaja na kwana 45 yana iya jefa ta cikin wannan aji. Daga Android 13 aka rage wa'adin zuwa kwana 8. Idan kuma aka shafe 'yan watanni ba a buɗe ta ba, wayar takan janye izinin da aka ba ta, ta kwantar da ita gaba ɗaya, ta yadda ko saƙon gaggawa ba zai shigo ta cikinta ba.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, wanda aka sanya wa manhajar gargaɗi a wajen taron wayar da kai a farkon damina, ya koma gida bai sake buɗe ta ba, yana iya kaiwa watan Satumba da manhajar da ke nan a fuskar waya amma ba ta aiki.

Bayan ƙa'idojin Google, kowane kamfanin ƙera waya yana ƙara nasa matakan tattalin batir. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, da na Samsung da Xiaomi, kowannensu yana da nasa tsarin kwantar da manhajoji ko hana su tashi da kansu. A wasu wayoyin, share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan yana tsayar da ita cak, har sai an sake buɗe ta da hannu. Ƙananan wayoyi masu ƙaramar ma'ajiya su ma sukan rufe manhajoji da wuri domin samar da wuri. Wannan ne ya sa manhaja guda kan yi aiki lafiya a wayar wani, ta ƙi a wayar maƙwabcinsa.

Dangantakar lamarin da ambaliyar kogin Haɗeja

Kogin Haɗeja ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, waɗanda aka gina wa madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Daga nan yakan ratsa Wudil da Ringim, ya gangaro ta Miga da Auyo zuwa Haɗeja, sannan ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru ta Kiri Kasamma da Guri. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, don haka idan ruwa ya yi yawa a watannin Agusta da Satumba yakan fantsama cikin gonaki da gidaje. An sha wannan a 2012 da 2018 da 2020, sai kuma 2022, shekarar da ambaliya ta halaka mutane sama da 600 a faɗin Nijeriya, Jihar Jigawa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mutanen Haɗeja ba za su manta da darare da aka kwana a kan jinga ana jera buhunan ƙasa ba.

Ruwan da ya wuce Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso Haɗeja. Waɗannan kwanaki su ne jarin mai gargaɗi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA mai sa ido a kan koguna tana fitar da hasashen ambaliya, kuma a ƙarshen 2022 Google ya sanya Nijeriya cikin ƙasashen da shafinsa na Flood Hub ke yi wa hasashen cikar koguna. Yawancin irin waɗannan bayanai suna isa ga dagatai da shugabannin ƙungiyoyin manoma ne ta waya. Labarin da ya fito kwanaki kafin ruwa, jinkirin sa'o'i ba zai ɓata shi ba. Amma labarin fashewar jinga da tsakar dare, jinkirin sa'a guda yana iya zama asarar shinkafa da dabbobi, ko abin da ya fi haka. Ga irin wannan labari, ba daidai ba ne a dogara da manhaja ko zauren WhatsApp kaɗai. A kira waya, a aika tes, a yi shela ta lasifikar masallaci, a kuma saurari rediyo.

Akwai kuma batun caji. A ƙauyukan da babu wutar lantarki, waya takan kwana a shagon mai caji, sau da yawa a kashe, mai ita kuma yana gida. Ko da saƙo ya shigo, babu mai ji. Yana da kyau a watannin cikar kogi kowane gida ya tabbatar akwai waya guda, ko da ƙarama ce, da ke kwana kunne kusa da maigida.

Darasi daga aikin rigakafin shan-inna

Jiharmu ta ga amfanin aikin da waya ke yi daga cikin aljihu tun kafin yawancin waɗannan ƙa'idoji su fito. Daga shekarar 2012, a yaƙin kawar da cutar shan-inna, an riƙa ba tawagogin masu allurar rigakafi wayoyin Android a jihohin Arewa da suka haɗa da Jigawa da Kano da Katsina, tare da gudunmawar ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano. Ma'aikaciya ba ta danna komai. Wayar ce ke rubuta inda take duk bayan 'yan mintoci. Da yamma a tattara wayoyin, a kwashe bayanan, a ɗora su a kan taswirar garuruwa da rugage, a ga inda aka shiga da inda aka tsallake, a mayar da tawaga. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta daji na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno cikin 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita.

Abin lura shi ne, ba a bar aikin a hannun waya kaɗai ba. An keɓe wayoyin domin wannan aiki, akwai mai yi musu caji, akwai mai karɓarsu kowace rana, akwai mai duba ko bayanan sun iso. A yau ma'aikatan lafiya da malaman gona da masu ƙidaya suna amfani da manhajoji irin su ODK da Kobo da DHIS2, waɗanda ke ajiye fam a cikin waya har sai an sami intanet. Ajiye fam daban, isarsa ofis daban. Wayar da ta lalace ko ta faɗa ruwa da fam ɗin da ba su tafi ba, ta tafi da aikin kwanaki.

Matakan da mai waya zai ɗauka

Sunayen wurare sun bambanta daga waya zuwa waya. Mun kawo su ne yadda aka fi rubuta su a fuskar wayar da aka saita da Turanci. Wanda bai iya ba, ya nemi taimakon wanda ya amince da shi.

1. A zaɓi manhajoji biyu ko uku da suke da muhimmanci na gaske, kamar ta gargaɗi, ta aikin ofis, ko ta magani. Su kaɗai za a yi wa abin da ke biye.

2. A shiga "Settings", sannan "Apps", a zaɓi manhajar, a shiga sashen "Battery", a sanya ta a kan "Unrestricted" ko abin da ya yi kama da haka.

3. A tabbatar an buɗe mata izinin sanarwa, wato "Notifications". Idan mai ƙararrawa ce, a buɗe mata "Alarms & reminders".

4. A kashe zaɓin da ke dakatar da manhaja idan an daɗe ba a yi amfani da ita ba. Inda waya ke da "Auto-start", a kunna mata shi.

5. Idan an kunna "Data Saver" domin tattalin data, a ware manhajar daga cikin waɗanda aka hana.

6. A riƙa buɗe manhajar aƙalla sau ɗaya a mako, da kuma duk lokacin da aka kashe waya aka kunna.

7. A sani cewa yanayin tsananin tattalin batir, wanda wasu wayoyi ke shiga idan caji ya yi ƙasa, yana rufe kusan komai in ban da kira da tes.

8. A guji manhajojin da ke iƙirarin share waya ko ƙara mata sauri, domin aikinsu shi ne tsayar da sauran manhajoji.

9. A bar waya ta riƙa saita rana da lokaci da kanta. Agogon da ya kauce yana ɓata ƙararrawa, yana kuma iya hana rahoto tafiya.

10. A jarraba. A saita tunatarwa, ko a sa wani ya turo saƙo cikin dare, a ajiye wayar ba caji, a duba da safe lokacin da ya shigo.

Muna gargaɗin jama'a da kada su ba kowace manhaja wannan dama. Yin haka zai cinye batir da data. Haka kuma, manhajar da ba a san asalinta ba, wadda ke neman izinin aiki a ɓoye tare da karanta saƙonni ko lambobin mutane, abar tuhuma ce, kuma an sha amfani da irinta wajen damfara.

Shawarwari ga jami'ai da shugabannin al'umma

Ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, wato Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, ba ɗaya suke ba wajen ƙarfin sabis da samun wuta. Jami'in da zai karɓi manhaja daga ɗan kwangila ko ƙungiyar agaji ya kamata ya yi tambayoyi kafin a rarraba ta. Ta wace hanya gargaɗi ke isa waya, turowa ake yi da alamar gaggawa ko manhajar ce ke zuwa dubawa? Akwai saƙon tes ko kiran murya da Hausa a matsayin madadi? Manhajar tana nuna ranar da ta yi aike na ƙarshe da adadin fam ɗin da ba su tafi ba? Tana ci gaba da aiki bayan an kashe waya an kunna? An gwada ta a kan irin wayoyin da ma'aikata ke riƙewa, a ƙauye, tsawon dare, ba a ofis a Dutse tana jone da caji ba? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin wayar da ke kan caji ba ta shiga gyangyaɗi, don haka gwajin da aka yi a haka ba ya nuna gaskiyar abin da zai faru.

Bugu da ƙari, kada a hukunta ma'aikaci a kan jinkirin rahoto kafin a duba wayarsa. A sanya ƙa'ida cewa kowane ma'aikaci zai buɗe manhaja ya aika da hannunsa a ƙarshen yini, a wurin da aka san akwai sabis, ya kuma tabbatar adadin da ya rage ya koma sifili. Ga kwamitocin ambaliya kuwa, a rubuta jerin kira a takarda: wane ne zai kira hakimi, wa zai kira dagaci, wa zai kira mai unguwa da liman, da kuma wanda zai maye gurbin kowannensu idan ba a same shi ba.

Kammalawa

Ƙa'idojin barcin waya an kafa su ne domin amfanin mai waya, kuma babu wanda ya fi mutumin karkara cin moriyar batirin da ke kai dare. Abin da ake bukata shi ne a san iyakarsu: aikin da zai iya jira a bar wa waya, aikin da ke da ƙayyadadden lokaci a ba shi izininsa a kuma jarraba shi, labarin da ya shafi rai da dukiya kuma a bi shi da kira da shela. Muna kira ga masu unguwanni da dagatai da shugabannin sassa na ƙananan hukumomi da su keɓe rana guda a watan Yuni ko farkon Yuli na kowace shekara, a duba wayoyin 'yan kwamiti da na ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, a sabunta jerin lambobin kira. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ruwa.